Kwalkwalin da Ba Shi da Kunne

Ni dai tun ranar da abin nan ya shigo gidana ban so shi ba, kuma na faɗa, duk tungarmu shaida ce. Sunana Rabi, bandar kifi nake yi a bakin ruwa, ƙasa da Warra kaɗan. Maigidana masunci ne. Shekara ashirin da bakwai muna tare ban taɓa kama sunansa da bakina ba, haka na ga Innata ta yi da babana, haka ni ma na yi. Baban Nusaiba nake ce masa, da sunan autarmu da aka kai aure Shanga.

Banda bandar kifi ina da wani aikin. Bisa dutsen da ke bayan murhuna an rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota a jikin reshen tsamiya. Daga nan ana hango mashigar da ke tsakaninmu da gungu, wato tsibirin da maza suke kafa raga. In mace ta hango dorina ko hadari, sai ta bugi ƙarfen, duk jirgin da ke kan ruwa ya juyo gida, ba tambaya, ba gardama. Da wannan ƙarfen muka rayu tun zamanin iyayenmu. Ni aka bar wa shi, don idona yana gani nesa, kuma hannuna ba shi da sanyi.

A farkon daminar bara ruwa ya ja baya ƙwarai, har kututturan itatuwan da dam ɗin Kainji ya cinye suka leƙo. A lokacin ne wata dorina mai ɗa ta kama mashigar nan ta zauna. Wanda ya san dorina mai jego ya san ba wasa a wurin.

Wata safiyar Talata Baban Nusaiba yana ɗaga raga kusa da kututturan, ragar ta maƙale. Ya ja, ya ja, ta fito da wani abu kore cike da laka. Ya ɗauraye shi, sai ga hular ƙarfe mai rufe kai da fuska gaba ɗaya, da ramukan ido biyu, da wani siririn ƙarfe da ya sauko bisa hanci. Shi kuwa mutum ne mai son ba'a, sai ya kifa ta a kansa don ya ba ƙanensa Ismail dariya, wanda ke cikin nasa jirgin kusa da shi. Ismail bai gama dariyar ba dorina ta ɓullo a tsakaninsu. Na buga ƙarfe, amma ta riga ta iso. Ta dubi Baban Nusaiba, ta yi huci, ta juya ta kama jirgin Ismail ta raba shi biyu. Allah ya yi da sauran kwana, an tsamo Ismail da karayar cinya.

Kafin azahar labari ya gama tunga: dorina ta ga hular ta kauce.

Baba Isa, wanda ya fi kowa tsufa a wurinmu, ya sa aka kawo masa ita gindin ɗorawa. Ya juya ta, ya juya ta. Ya ce kafin ruwa ya zo, daidai wurin nan akwai barikin wani Bature mai awon ƙasa, mutum ne mai tara tarkacen dā cikin akwatuna, kuma ranar da zai kwashe kayansa jirgi ɗaya ya kife.

"Ɗahiru," in ji shi yana duban maigidana, "abin da ruwa ya riƙe shekara hamsin da ɗoriya, sannan ya miƙo maka da hannu, ba banza ba ne. Dabbar ruwa ta san kayan ruwa. Muddin wanga abu na bisa kanka, ba ta taɓa ka."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri da bakina, amma ai ruwa har mushen akuya yana miƙowa."

Maza suka yi mini caa. Baban Nusaiba ya harare ni, na ja bakina na koma wurin kifina. Amma raina bai kwanta ba.

Baban Nusaiba ya kafa hular bisa wani turke a ɗakinmu, tana fuskantar ƙofa. Wallahi ko da rana tsaka na shiga ɗaukar gishiri sai na ji ana kallona. Ramukan idon nan ba komai a cikinsu, amma duk inda na tsaya suna wurin. Ba ta da baki, sai wata siririyar tsaga daga hanci zuwa haɓa. Na rufe ta da zane, ya dawo ya yaye. Na sake rufewa, ya sake yayewa, ya ce in bar masa kayansa su sha iska.

Bayan kwana shida sai ga wani mutum bisa kabu-kabu daga Yelwa, da jaka a kafaɗa da gilashi a ido. Malam Elijah ke nan, tsohon malamin makaranta, ɗan mutanen kan tudu ne, ya yi ritaya ya zauna a Yelwa. An ce ɗakinsa cike yake da tsofaffin takubba da mundaye da tukwanen da manoma ke tonowa a gona. Wani dillalin kifi ne ya nuna masa hoton hular a waya, bai ko ci abinci ba ya taho.

Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Da Baban Nusaiba ya fito da ita, sai na ga dattijon nan ya goge hannuwansa a jikin rigarsa kafin ya karɓa.

"Malam Ɗahiru," ya ce, "ka san abin da ka tsamo kuwa? Wannan kwalkwalin yaƙi ne na mutanen Girka. In idona bai ruɗe ni ba, ya haura shekara dubu biyu da ɗari biyar."

Baban Nusaiba ya yi dariya. "Malam, ai ko kakan kakana bai kai haka ba."

Malam Elijah ya ciro waya ya nuna mana hotuna. Ga su nan kuwa, irinta sak, a jere cikin akwatunan gilashi, kore-kore, kowace da ramukan idonta. Ya ce a ƙasashen Turai akwai masu tara su, wasu a gidajen tarihi, wasu a falonsu, kuma wannan koren da nake ce wa datti shi suka fi so, don shi ke nuna shekaru. Ya ce ba ƙarfe ba ne, tagulla ce, kuma faranti ɗaya maƙeri ya samu ya yi ta bugu har ya zama kai. Ya sa na shafa, ba haɗi ko ɗaya. Ni da na ƙi ta, sai da na ce kai, wannan maƙerin ya iya.

Sai ya nuna mana wasu 'yan ƙananan huji a jere, bakin hular kewaye, daga goshi zuwa kumatu zuwa ƙeya.

"Innar Nusaiba, wannan aikinku ne na mata. Ta nan ake ɗinka mata shafi daga ciki, fata ko ulu, don kada tagulla ta ci naman mutum. Nasu ya ruɓe tuntuni."

Na duƙa na duba. Hujin a daidaice suke, tazarar yatsa ɗaya tsakanin kowane biyu. Ni mai son ɗinki ce, idona ya tsaya a kansu fiye da yadda ya kamata.

"To amma ku duba nan," in ji shi, ya dafa gefen hular. "Ina kunne?"

Babu. Sumul take daga ido har ƙeya.

Ya ce laifin irin wannan ƙira ke nan. Tana tsare kai, amma mai sanye da ita gabansa kaɗai yake gani, kuma da ƙyar yake jin kira. Su kansu Girkawan daga baya sai da suka riƙa yanke wurin kunne, don mayaƙi ya ji in an ce a ja da baya. Ya juya ta, ya nuna wata loɓawa mai zurfi a bayan kunnen hagu, har tagullar ta ɗan tsage.

"Wannan ba ruwa ya yi ta ba. Sara ne, kuma daga baya ya zo."

Na dubi Baban Nusaiba, shi kuwa murmushi yake, wai ashe hular ta ga yaƙi.

Malam Elijah ya roƙe shi abu uku: kada a wanke, kada a sa a kai, kada a sayar wa dillalan da za su biyo baya. Ya ce zai rubuta wa mutanen gidan tarihi su zo su gani. Ya so ya tafi da ita ya adana, Baban Nusaiba ya ce sam, sai dorina ta bar mashiga. Malam ya cire gilashinsa ya ce, "Ni ban san dorina ba, Malam Ɗahiru, ɗan tudu ne ni. Amma na san ba don ita aka ƙera wannan ba." Da zai hau babur ya ba ni lambarsa a 'yar takarda, na ƙulle a bakin zane.

Washegari da hantsi, maza sun tafi gyaran jirgi, na shiga ɗaki. Ban san abin da ya kai ni ba. Na ɗauke ta daga turke na zura kaina. Duhu, da warin laka, da sanyi a kumatu. Duniya ta koma 'yar tagar ƙofar ɗakina. Ba na jin kaji, ba na jin ruwa, sai numfashina da bugun jinina, kamar wadda ta sa kai cikin randa. Na tsaya a haka ban san tsawon lokacin ba. Sai ji na yi an fizgi kafaɗata. Maƙwabciyata Aminatu ce, ido waje.

"Ke Rabi, lafiyarki? Tun daga bakin zaure nake ƙwala miki kira! Kifinki ya kama da wuta!"

Rabin bandar ranar ta ƙone ƙurmus. Ban ko damu da kifin ba. Mace tana ihu taku biyar a bayana, ni ban ji ba, shi ne abin da ya tsaya mini a rai.

Da la'asar na tare shi. Na ce, "Baban Nusaiba, ka yi wa Allah, kada ka shiga ruwa da hular nan. Na sa ta, ba a jin komai a ciki."

"Kin sa ta? Ke da kika ce mushen akuya ce?"

"Na sa. Ka yi mini faɗan daga baya. In na buga ƙarfe ba za ka ji ba."

Ba mutum ne mai taurin kai a komai ba, in faɗi gaskiya, amma mutane sun riga sun ɗora masa abin. Duk inda ya bi, "Mai hula, mai hula." Sati uku ke nan ba wanda ya ƙetare mashiga, ragunan kowa suna can gungu suna ruɓewa, tukwane sun fara yin fari. Maza sun yanke shawara ranar Asabar za su ƙetare da jirage biyar, shi a gaba. Ta yaya zai ce musu matarsa ta hana?

Ya ce, "To mu gwada, hankalinki ya kwanta."

Ya sa hular, ya tura jirgi ya yi nisa kamar rabin hanyar mashiga, inda ba zurfi. Na hau dutse na bugi ƙarfe. Shiru. Na ƙara bugu da ƙarfi. Sai ya ɗaga filafilinsa sama, ya juyo.

"Na ji," in ji shi da ya fito. "Can ƙasa-ƙasa, amma na ji. Ai sako-sako take, iska na shiga ta ƙasa. To me ya rage?"

Na kira Malam Elijah a waya, ya ce in ba shi maigidan, maigidan ya ce a gaishe shi. Malam ya ce zai zo ran Lahadi bayan an tashi coci.

Amma da ya tuɓe hular a ranar na ga abin da ta yi masa. Da yake ta yi masa yawa, duk tuƙin da ya yi sai ta girgiza. Ta goge masa fatar karan hanci, ta yanke shi a saman kunne, jini har wuya. Ga kuma ramukan idon suna zamewa, sai ya riƙa sakin filafili yana gyarawa. Na wanke masa ciwon da ruwan ɗumi ina masifa. Ya ce ba komai, ya saba da ciwo.

Ku ji inda na yi nawa. Ni mace ce da ta yi shekara arba'in tana ɗaukar kaya a ka. Ba a ɗora wa kai abu mai tauri ba gammo, ko yarinya ta san wannan. Ranar Juma'a, maza sun tafi masallaci Warra, na zauna ina kallon abin nan bisa turke, ina tuna jinin da ke wuyansa. Na ce a raina, tunda ba zan iya hana shi ba, ai sai in sa ta zauna masa daidai, kada ta rufe masa ido a tsakiyar ruwa. Ga huji a jere suna jirana, Malam ma ya faɗi amfaninsu.

Na farke tsohon matashin kai na ciro auduga. Na yanka zanena na atamfa mai kauri, wanda na fi so. Na yi shafi ninki biyu na cusa auduga, na dunƙule gammo a tsakiyar kai. Wurin da ta yanke shi, saman kunne, nan na fi cusawa, dama da hagu, har sai da na danna da yatsa na ji laushi. Na ɗauko zaren raga, wanda ba ya tsinkewa, na bi hujin nan ɗaya bayan ɗaya. Allurata tana shiga kamar jiya aka huda su. Har na riƙa tunanin wace ce ta ɗinka na farko, ko ita ma masifa take tana ɗinki. Wallahi da na gama sai da na ji daɗin aikina.

Ya dawo gab da magariba, ya gani, ya sa. Ta zauna masa cif. Ya girgiza kai hagu da dama, ko motsi ba ta yi ba. Ya tuɓe yana dariya.

"Rabi, ashe kina sona."

Na ce, "Ka ji shi, sai yau ka sani?"

Aka kira salla, ya ajiye ta ya fita. Ba wanda ya tuna da sake gwaji, daga ni har shi.

Asabar gari ya waye ba iska, ruwa kwance lumui. Ban son irin wannan safiyar. Tun kafin su tura jirage na hau dutse da guntun ƙarfen da nake bugu da shi. Mata suka taru a ƙasa, Baba Isa yana zaune bisa kifaffen jirgi, Ismail ma an fito da shi da sandarsa. Jirage biyar, kowane da mutum ɗaya, don ƙanana ne. Baban Nusaiba ya yi bismilla ya zura hular. Ya juyo ya dubi dutse. Na san shi ne, na san rigar, na san kafaɗun, amma fuskar da ta dube ni ba tasa ba ce. Na ce, "Allah ya tsare." Bai amsa ba. Na ɗauka nisa ne.

Suka tafi a jere, shi a gaba da tazarar jirgi uku. Suka wuce inda muka yi gwaji. Suka shiga tsakanin kututture. Idona yana kan gabansu, wajen ciyawar gungu, don can dorinar ta saba kwanciya. Ba komai. Tsuntsaye ma suna zaune abinsu. Har na fara cewa ko ta tashi ne.

Sai na ga ɗan dorinar. Ɗan ƙaramin kai da kunnuwa biyu, a hagu, bayan jirginsa, tsakaninsa da sauran. Baban Nusaiba ya riga ya wuce shi bai gani ba. Ya shiga tsakanin uwa da ɗa ke nan, ko kuwa ya gifta su, ban sani ba. Can gefe ruwa ya kumbura, ya fara tafiya, layi ɗaya miƙe, ya nufi bayan jirginsa.

Na bugi ƙarfe.

Jirage huɗu suka juya nan take, kamar yadda aka saba. Na gaba bai juya ba. Tuƙi yake a natse, dama, hagu, kansa a miƙe yana duban gungu.

Na buga, na buga, har reshen tsamiya yana rawa. Mazan da ke cikin jirage suka miƙe suna ihu suna dukan jikin jirgi da filafili. Mata suka ɗauki kwanoni suna bugawa. Ismail ya jefar da sanda yana kururuwa. Duk tunga ta zama ƙara ɗaya. A nan ne na tuna da yatsana yana danna audugar nan a saman kunne, dama da hagu.

Na yar da ƙarfen. Na buɗe bakina iya ƙarfina.

"Ɗahiru! Ɗahiru! Bayanka!"

Matan da ke ƙasa suka ɗago suka dube ni. Baba Isa ya dube ni. Mutanen cikin jirage, da ke can tsakiyar ruwa, sun ce sun ji. Kowa ya ji.

Dorinar ta ɗaga jirgin daga baya. Na ga ƙafafunsa a sama, na ga koren nan ya juya sau ɗaya, sai ruwa ya rufe. Ta tattauna jirgin, ta yi huci, ta koma wurin ɗanta. Muka tsaya muna jiran kansa ya ɓullo, don Baban Nusaiba a ruwa aka haife shi, yana iya ƙetare mashigar nan da iyo. Ɓaraguzan jirgi suka taso. Filafili ya taso. Shi bai taso ba.

Malam Elijah ya zo ran Lahadi kamar yadda ya ce, ya tarar ana nema. Ya zauna cikin maza bakin ruwa da jakarsa bisa cinya, takardar mutanen gidan tarihi na ciki, bai ko ciro ta ba. Nusaiba ta iso daga Shanga. Ni ban yi kuka ba a ranar, ban kuma ci komai ba, ina bisa dutse.

Ran Litinin da hantsi aka same shi a jikin wani kututture. Ba cizo a jikinsa ko ɗaya, dorina ba ta taɓa shi ba. Baba Isa ya buɗe baki zai yi magana a kan haka, na dube shi, ya rufe.

Aka kai shi bayan ɗaki don wanka. Jim kaɗan liman ya aiko a kira ni. Na shiga, na tarar da maza uku tsaye cirko-cirko. Hular ta ƙi fita. Auduga ta sha ruwa ta kumbura, ta riƙe kan gam. Sun ja, sun murɗa, suna tsoron su ji masa ciwo. Wani ya ce a kira maƙeri ya yanke tagullar. Liman ya ce a'a, a fara tambayar wadda ta ɗinka.

Na ce su ba ni reza, su ba ni wuri.

Na zauna na ɗora kansa bisa cinyata. Na fara daga goshi, na bi hujin nan ɗaya bayan ɗaya ina yanke zaren. Kwana biyu a cikin ruwa, ko ɗinki ɗaya bai saki ba. Na bi kumatu, na bi ƙeya, na wuce ta kan loɓawar nan ta bayan kunnen hagu. Na zaro atamfata guntu-guntu, na zaro audugar tana ɗigar ruwa. Sannan hular ta zame a hankali, na ajiye ta gefe, na juya fuskarta ga bango.

Ciwon saman kunnensa ya fara warkewa, shafin ya yi aikinsa. Wata 'yar auduga ta manne a cikin kunnen, na sa farce na cire ta, na goge wurin da bakin zanena. Daga waje ina jin muryar Malam Elijah yana tambaya a hankali ko an samu cirewa, liman yana ce masa a ɗan ƙara haƙuri.

Na sunkuya daidai kunnen nan, ba tagulla, ba auduga, na ce, "Ɗahiru, ni ce Rabi. Na kira ka."